Yadda Bangon Shagona Ya Rina Dattawan Unguwa

Shekarun baya masu nisa, tun Turawa na ƙasar nan amma an fara raɗe-raɗin za su tafi, na bar garinmu Kudan na koma Ikara da niyyar zama attajiri. Ina saurayi a lokacin, kaina cike da iska. Gidanmu gidan noman rake ne, ni kuwa ba abin da na tsana irin fadama. Ƙaiƙayin ganyen rake, da hayaƙin dafa mazarƙwaila, da bin bayan dokin da ke juya injin matsa tun safe har ka rasa wa ke jan wani tsakaninka da shi, duk sun fita raina. Na dami mahaifiyata da magiya har ta gaji, ta sayar da saniyarta guda ɗaya tak da ke hannun Fulani, wadda ta gada wajen mahaifinta, ta ba ni jari. Na je Zariya na zuba shi gaba ɗaya a farin yadi na kanti, akoko da alawayyo, dila guda. Ranar da zan tafi ba ta yi mini doguwar nasiha ba. Cewa kawai ta yi, "Ka dai san saniyata ce ka ɗauka a ka."

Na sauka wajen wani abokina mutumin Makarfi, wanda ke yi wa masu sayen gyaɗa awo. Mutumin kirki ne, amma irin mutanen nan ne da ba ka taɓa tambayarsu abu su ce ba su sani ba. Shi ya nuna mini wani fili a tsakiyar gari, dab da bakin kasuwa. Hagu gidan mahauta, dama wani tsohon soro da aka mayar ma'ajiyar gyaɗa, baya kuma masallacin unguwa. Ko'ina a matse, gida jingine da gida, sai wannan wuri kaɗai a buɗe kamar giɓin haƙori. Ba komai a ciki sai turakun awaki, da juji, da wani durumi a gefe, da wani tudun ƙasa mai launin toka a kusurwa.

Na sayi goro muka je gaida mai unguwa. Bayan doguwar gaisuwa na tambaye shi dalilin da ya sa aka bar wuri mai kyau haka awaki na cin moriyarsa.

Ya ce, "Ɗan nan, ai nan ne karofin garin nan. Marina ke nan. Lokacin muna yara ba inda za ka sa ƙafa, rami kusa da rami. Wancan soron da ka ga an cika da gyaɗa, mabuga ce, da ƙarar bugun riguna ake tashi a unguwar nan, ba da zakara ba. Fatake har kwana suke yi a gindin durumin nan suna jiran kaya. To, sai yadin kanti ya shigo. 'Ya'yan marina suka watse, wasu noman gyaɗa, wasu aikin reluwe. Ramuka suka zama matattarar ruwa, duba-gari, ma'aikacin tsafta, ya zo ya ce sauro suke haifarwa, aka cike su da shara da ƙasa. In kana so, je ka gina. Ka ma raba mu da warin bunsuru."

Na ji duk wannan tarihi da kunne ɗaya. Ni dai lissafina bakin kasuwa.

Filin kuwa ashe yana da mai gadi. Wani tsoho ne, shi kaɗai ya rage cikin marinan da, kullum yana zaune a gindin durumi kan wani gungume mai santsi, wanda aka mirgino daga mabuga ranar da aka mayar da ita ma'ajiya. Na durƙusa na gaishe shi. Ya tambayi sana'ata, na warware masa bakin alawayyo ɗaya cike da alfahari. Ya murza shi da yatsa biyu, ya yamutsa fuska.

"Au, kai ne mai sayar da likkafanin?"

Na ce, "Baba, ai yadi ne. Na riguna."

"Yadin da bai shiga rami ba ai bai gama zama yadi ba. Wannan sai dai a naɗe gawa."

Tun daga ranar ba ni da wani suna a bakinsa sai wannan. Da safe in na gaishe shi sai ya ce, "Mai likkafani, an tashi lafiya? Yau mutum nawa ka binne?" Raina yana ɓaci ƙwarai, amma tsoho ne, sai in yi yaƙe in wuce.

Aka kama gini. Na samu magini, jakuna suka yi ta kawo ƙasa daga kududdufin bayan gari, aka cuɗa, aka yi tubali, bango ya tashi, aka jera azara aka rufe. Shago ne ɗan madaidaici da ɗan tsakar gida a baya. Saura yaɓe kawai, sai ga hadari ya fara leƙowa daga gabas. Maginin nan, da yake manomi ne kafin ya zama magini, ya ɗauki fartanyarsa ya ce mini sai bayan shuka. Na roƙe shi har da su Allah Annabi, ya ce dawa ba ta jiran yaɓe. Ga gini tsirara, ga ruwa na tafe.

Nan abokina ya tashi da iliminsa. Ya ja ni zuwa tudun nan mai launin toka, ya ɗebo ya murtsuke a tafin hannu.

"Ka san mene ne wannan? Katsi ne, guggubin da ake kwasowa daga ƙasan ramin rini. Da shi ake yin laso. Laso fa! Abin da ake shafe sorayen manya da shi, ruwa ya zuba ya zame kamar a bayan agwagwa. Mutane nema suke yi, kai ga shi Allah ya tara maka a ƙofa."

Na ce, "Ka iya haɗawa?"

Ya dube ni kamar na zage shi. "Ruwa ne da ƙasa. Mene ne abin iyawa?"

Muka tuɓe riguna, muka cuɗa, muka hau shafe. Tsohon nan yana zaune a kan gungumensa yana kallonmu. Can ya yi gyaran murya.

"Mai likkafani, da wannan za ka shafe?"

"Da shi, Baba."

"Ciki da waje?"

"Ciki da waje."

"Har rufin?"

Na ce, "Rufin ma ai shi ne gaba."

Ya gyaɗa kai, ya ce, "To. Allah Ya sanya albarka." Tun zuwana garin ban taɓa ganin haƙoransa ba sai ranar. Ni kuwa daɗi ya kama ni, na ce a raina tsoho ya fara sauko.

Da ya bushe, wallahi ya yi kyau. Launin kurciya, sumul. Masu wucewa suna tsayawa su shafa. Na shigar da dilata na ɗora a kan katako a tsakiyar shago, na fara tafiya ina ɗaga kafaɗa. Sannan na sa ranar addu'a, na zaɓi ranar kasuwa don kowa ya gani. Na gayyaci mai unguwa, da liman, da sarkin fawa maƙwabcina, da wasu dattawa. Na gayyaci duba-gari ma, ba don ina ƙaunarsa ba, sai don a zamanin nan gara ya ci wainarka da ya leƙa randarka.

Ranar kuwa tun asuba aka kece da ruwa, na farko mai ƙarfi a shekarar. Bai ɗauke ba sai da hantsi. Da na buɗe shago na ji wani irin wari mai tsami-tsami, bango kuma ya ɗan yi duhu yana gumi. Abokina ya ce ai haka sabon laso yake yi, alamar ya kama ke nan. Na lura tsofaffin mata masu wucewa kasuwa suna tsayawa su shinshina iska su dubi juna, amma ban kawo komai a raina ba.

Dattawa suka iso, kowa cikin farar rigarsa ta fita kunya. Duba-gari ya zo da farar taguwarsa ta aiki, ta sha guga har tana ƙara. Shago ƙarami, aka shimfiɗa tabarmi, kowa ya zauna ya jingina da bango. Tsohon marini ma ya zo cikin wata koɗaɗɗiyar riga, na nuna masa wuri kusa da liman, ya ce, "A'a, ni nan bakin ƙofa ya ishe ni. Na fi son iska."

Limamin namu, Allah Ya jiƙansa, ba ya gajeriyar addu'a. Ya roƙa wa shago, ya roƙa wa mai shago, da iyayensa, da damina, da masu mulki, da matafiya na tudu da na ruwa. Ana ta amin, bayan kowa na ta shan bango. Aka shafa, aka ci waina, aka raba goro, aka miƙe.

Mai unguwa ne ya fara fita. Liman na biye da shi, sai na ga ya tsaya cik, ya zuba wa bayan mai unguwa ido. Tun daga wuya har kwankwaso shuɗi ne shar, har da zanen yatsun da muka yi shafe da su. Liman ya buɗe baki, ya mayar ya rufe. Wa zai tari babban mutum a gaban jama'a ya ce masa bayanka ya ɓaci? Ya sunkuyar da kai ya bi shi yana jan carbi. Sarkin fawa da ke bayan liman ya ga bayan liman, shi ma ya kawar da kai don ladabi. Na bayansa ya ga nasa, ya haɗiye. Haka suka fita a jere, kowa yana tausayin na gabansa, kowa yana gode wa Allah da Ya rufa masa asiri. Duba-gari ne na ƙarshe. Yana tafe yana danne dariya har kafaɗunsa na rawa, alhali tasa ta fi ta kowa, don shi da ya zauna har goga baya ya riƙa yi.

Ni da abokina muka daskare a bakin ƙofa. Ya kamata in ruga in tsayar da su, amma na tsaya ina kallo. Suka ratsa tsakiyar kasuwa a hankali, irin tafiyar manya, ana zubewa ana gaishe su ta gaba, ana toshe baki ta baya. Duk rumfar da suka wuce sai ta yi tsit. Ba wanda ya iya magana sai wata Bafillatana mai tallar nono, wadda ba ruwanta da wannan kunyar tamu. Ta sauke ƙwaryarta, ta ɗaga murya.

"Kai, Baffa! Wane marini ne ya yi muku rabi ya bari?"

Sai kowa ya juya. Na ga dattawa suna zagaya juna a tsakiyar kasuwa, kowa na jawo rigarsa ta kafaɗa yana leƙe. Kasuwa ta ɓarke. Ni ma, Allah Ya yafe mini, na yi dariya har na riƙe ciki. Ina cikin yi abokina ya taɓa ni, ya nuna rufin shago da yatsa.

Rufin yana ɗiga. Daidai kan dilar. Tun asuba yake ɗiga, hidimar baƙi ta hana ni lura.

Na kwance ta. Bandir bayan bandir, duk sun sha, wani ɗigo-ɗigo, wani kamar an watsa masa tawada. Dariya ta ƙare nan take. Ban ga yadi a gabana ba, saniyar mahaifiyata na gani kwance. Na zauna a ƙasa, ban ma damu da wandona ba. Abokina ya daɗe yana sosa ƙeya, can ya ce a hankali, "Af. Yanzu na tuna. Ƙona shi ake fara yi, a daka, a haɗa da gashin awaki na majema. Sannan ya zama laso." Ban taɓa jin sha'awar dukan mutum irin ta ranar ba.

Na gwada wanki da sabulun salo, tabon ya ƙara baje. Na bi gidajen dattawa ina ba da haƙuri, wasu suka karɓa, sarkin fawa kuwa ko gaisuwata ya daina amsawa. Labari kuma ya riga ni zuwa Kudan, don 'yan mazarƙwaila sun ci kasuwar ranar. Kasuwa ta gaba sai ga mahaifiyata ta sauko daga bayan motar gyaɗa.

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta shiga shago, ta ɗaga bandir ɗaya, ta juya shi, ta ajiye.

"Ni dai saniyata fara ce tas. Wannan mai dabbare-dabbaren ban san ta wa ce ba."

Na sunkuyar da kai. Na riga na ga kaina a bayan dokin nan na injin rake, ƙannena na yi mini dariya har tsufa. Ta tambaye ni ko ba wani babba a kusa lokacin da muke wannan shirme. Na nuna mata gindin durumi. Ta gyara lulluɓi, ta je ta durƙusa ta gaida tsohon, gaisuwa cikakkiya har da tambayar ruwa da iyali. Sannan ta ce, "Baba, kana zaune a nan yaron nan ya shafa wannan abu?"

"Ina zaune."

"Ka san abin da zai faru?"

"Na tambaye shi har rufin, ya ce rufin ne ma gaba."

"Baba, ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Tsoho ya yi ta wasa da sandarsa. Can ya ce, "'Yar nan, ba zan yi miki ƙarya ba. Warin nake marmari. Rabona da shi tun ranar da aka cike ramin mahaifina. Na ce bari in ji shi sau ɗaya kafin in mutu. Dattawan nan kuma, ai su suka tsaya aka cike. Amma wallahi ban yi tunanin kayan yaro ba."

Mahaifiyata ta ce, "To ka ji warin. Saura saniyata."

Na zaci zai yi fushi. Sai ya miƙe da ƙyar, ya dogara sanda, ya ratsa ta cikin shago zuwa ɗan tsakar gidan baya. Ya tsaya a wani wuri da ƙasa ta ɗan lotsa bayan ruwa, ya caka sandar.

"Mai likkafani, ɗauko fartanya. Tabon shuni ba ya fita, sai dai a ƙarasa shi."

Muka haƙa, ni da abokina, don ban bar shi ya tsere ba. Muka yi ta fitar da fasassun tukwane da ƙasusuwa da tsummokara, sharar unguwa ta shekara da shekaru. A ƙarƙashi sai ga rami lafiyayye, bangonsa sumul, ko tsaga babu. Tsoho ya sunkuya ya shafa bakinsa da tafin hannu, ya ce, "Kun ga laso." Abokina ya dubi sama kamar yana neman hadari.

Aka nemo baba, ganyen da ake rini da shi, wajen tsofaffin matan ƙauyuka har Nasarawan Doya, aka tara toka, aka haɗa rami. Ni aka ba muciya, doguwar sandar motsawa. Ni da na gudo daga hayaƙin mazarƙwaila, ga ni tsaye a kan warin da ya ninka shi, ina tuƙi safe da yamma, tsoho na daka mini tsawa wai hannuna kamar na mai dama kunu.

Abin da nake tsoro shi ne duba-gari, don shi ya sa aka cike ramukan. Ranar da rami ya nuna kuwa sai ga shi, fuska a murtuke. Ya zagaya, ya leƙa, ya yi tsaki, ya ce an karya doka. Tsoho ya ce, "Malam, sauro ba ya kwana a ramin da ke aiki. In ba ka yarda ba sa kanka ka shaƙa." Duba-gari ya dubi hagu, ya dubi dama, ya zaro wani ƙunshi daga hammata ya ajiye a bakin rami. Taguwar ce. Ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "A yi mata duhu sosai. Ta zaman gida ce yanzu." Kafin la'asar rigar liman ta iso, sai ta mai unguwa. Sarkin fawa ya aiko da tasa ba tare da saƙon gaisuwa ba, amma ya haɗo da tsire.

Yadina duk ya shiga rami ya fito baƙi-shuɗi mai sheƙi. Tsoho ya sa aka mirgino gungumensa, ya koya mana bugu, unguwa ta sake jin ƙarar da ta manta. Mata suka yi rububin zannuwa. Ban zama attajiri ba, kada in yi muku ƙarya, amma kafin wata damina na saya wa mahaifiyata karsana. Ta dube ta sama da ƙasa ta ce ba ta kai waccan hankali ba, sannan ta juya ta goge ido da bakin zane.

Akwai bandir ɗaya a can tsakiyar dila wanda ruwan bai taɓa ba. Ranar da muka zo kansa na miƙa wa tsoho, sai ya ture hannuna. "Wannan bar shi. Ajiye a inda ba ya ɗiga." Na ɗauka gajiya ce ta kama shi, na naɗe na sa a akwati, na ci gaba da harkokina.

Bai daɗe sosai ba bayan nan. Wata safiya na fito ban gan shi a gindin durumi ba, aka ce jiki ya ƙi, kafin azahar aka aiko ya cika. Masu wanka suka yi ta fama da hannuwansa, shunin ya ƙi fita, har liman ya ce su bari, haka Allah Ya san shi. Aka fara tambayar inda za a samo likkafani. Sai a lokacin na gane. Na tafi shago na buɗe akwati, ina kuka kamar ƙaramin yaro.

Yanzu in kuka je wurin ba za ku ga komai daga cikin wannan ba. Durumi ya faɗi tuntuni, shagon ƙasa ya rushe, jikokina sun jera shagunan bulo, wani na caji, wani na sayar da waya. Lokacin da ake haƙa harsashi leburori suka ga ƙasa shuɗiya, suka tsorata suka ce a kira malami. Na ce su ci gaba da aikinsu, ni na san masu wurin. Tun daga waccan shekarar ban ƙara ganin fili a tsakiyar gari na ce ba na kowa ba ne. In an bar wuri a buɗe, to akwai wanda ke zaune a gefensa yana tuna abin da ke ƙarƙashi, kuma ya kamata a zauna a saurare shi da kunne biyu kafin a kira magini.

Har yau in na tuna jerin dattawan nan cikin kasuwa sai na yi dariya ni kaɗai, har a tambaye ni lafiya. Amma dariyar ba ta kai ni ƙarshe. Kullum tana tsayawa ne a kan wancan bandir ɗin. A cikin dilar nan gaba ɗaya, shi kaɗai ya fita daga shagona yana fari, kuma abin da tsohon ya faɗa tun ranar farko, shi aka yi da shi.